Rumbu na Biyu a Ɗakin Fanta

Duk wanda ya san Tajuddeen Dalhatu a Rano ya san ba ya iya zama wuri ɗaya in yana maganar injinansa. Zai fara zancen a zaune a kan benci, kafin a kai tsakiya ya miƙe, hannu ɗaya yana nuna ofishin da yake aiki, ɗaya yana nuna gabas wajen Kibiya, hularsa ta koma ƙeya. Masu shayin bakin tasha sun saba da shi. Da sun hango shi sai su ce, "Ga Mai Rumbu Biyu nan, a gyara masa fili." Shi kuwa ko a jikinsa. Dariya yake yi ya ja kofi, ya ɗora daga inda ya tsaya jiya.

A Fammar aka haife shi, gidan manoma. Mahaifinsa Malam Dalhatu mutum ne mai shiru-shiru, dawa da gero da gyaɗa su ne duniyarsa. Mahaifiyarsa Jumai 'yar Fulanin Kibiya ce, waɗanda suka daɗe da zama suka haɗa kiwo da noma. Akwai wata ɗabi'a ta Malam Dalhatu da maƙwabta suke yi masa tsiya a kanta. Duk kaka in an yi girbi, sai ya zauna ya tsince zangarniyoyin da suka fi cika ya ware su na iri, sannan ya raba su biyu. Rabi ya sa a rumbunsa. Rabi ya ɗaure a bayan keke ya kai Kibiya gidan surukarsa Fanta, ita kuma ta sussuke ta cakuɗa da toka, ta zuba a tulu ta liƙe bakin da taɓo, ta tura ƙarƙashin gado.

Tajuddeen yana firamare gobara ta tashi a unguwarsu da rana tsaka, ta cinye rumbuna da dama har da nasu. Ba a rasa rai ba, amma magidanta sun yi zugum. Abin da za a ci ana samu a wajen dangi, irin da ya saba da ƙasarka kuwa ba a kasuwa ake tsintarsa ba. Washegari mahaifinsa ya ɗora shi a keke suka nufi Kibiya. Har yau in yana ba da labarin sai ya kwaikwayi ƙarar da tulun ya yi lokacin da kakarsa ta fasa liƙin, da yadda dawar ta zubo a tabarma jawur, ko ƙwaro ɗaya babu. A daminar nan gidaje da yawa a Fammar daga tulun Fanta suka yi shuka.

Akwai kuma abu na biyu da ya lura da shi. Mahaifinsa ba ya yarda da iri don kawai an ajiye shi. Kafin ruwa ya sauka sai ya je ya ɗebo 'yar ƙwaya, ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma ya sa a inuwa, ya ga ko za ta fito. In ta fito ya yi hamdala. In ba ta fito ba, yana da sauran lokacin neman wani.

A Rano ya yi sakandare, ya gama a shekarar da soja suka miƙa mulki. Da aka zo ƙaddamar da Shari'a a Kano ya bi ayari a bayan mota, kamar sauran samarin garin. Aka watse, kowa ya dawo, ban da shi. Ya je gaida wani ɗan garinsu mai shagon buga takardu, nan ya fara ganin kwamfuta ido da ido, ya tsaya a bayan mai bugawar har aka rufe shago. Ya zauna a shagon, ya fara da shara da ɗauko ruwa. Da gidajen intanet suka yawaita ya koma ɗaya daga ciki, ya yi kwas na yamma ya samu 'yar takardarsa. Sauran ilimin duk a gindin inji ya same shi, yana kwancewa yana ɗaurawa, yana tambayar duk wanda ya fi shi har a gaji da shi. Abin da ya fi ɗauke masa hankali shi ne manyan kwamfutocin nan da ake kira saba, waɗanda ba mai zama a gabansu, suna can a kulle suna riƙe da kayan kowa.

Shekaru suka ja, wayar hannu ta shiga kowane ƙauye. Wata ƙungiyar manoma da makiyaya ta Rano da Kibiya ta samu tallafin saba guda shida, aka rasa mai kula da su, aka tuna da ɗan Malam Dalhatu. Aikin da injinan za su yi ba ƙarami ba ne. A cikinsu aka zuba taswirar gonakin 'yan ƙungiya da burtalolin da aka yi yarjejeniya a kansu, da hotunan iyakoki, da muryoyin dattawan da suka shaida, waɗanda wasunsu sun riga mu gidan gaskiya. Manomi ko makiyayi kuma yana iya aika saƙo daga wayarsa ya tambayi ranar allurar shanu ko ranar rabon iri, amsa ta dawo masa nan take.

Ranar da aka sauke kwalayen, shugaban ƙungiya Alhaji Ishiyaku ya sa an share babban ɗaki don a jera su duka shida, mai shigowa ya gani. Tajuddeen ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, uku za su zauna a nan. Uku Kibiya za su."

"Kibiya? Wa ya yi laifi a cikinsu za a kore shi?"

Aka yi dariya. Shi kuwa ya miƙe ya fara bayani da hannu da ƙafa, har ya kai ga gobarar Fammar da tulun kakarsa. Alhaji ya gaji ya ce ya je ya yi yadda ya ga dama. Daga ranar sunan Mai Rumbu Biyu ya bi shi.

Bai yi dogon tunanin inda zai kai su ba. A gidan kawunsa Bappa, inda Fanta take zaune, akwai ɗaki kusa da nata da ba kowa a ciki. Aka shafe shi da siminti, aka sa wa tagar raga, aka kafa fanka, aka jera sola a kan rufi, aka dasa dogon ƙarfe mai eriya yana kallon duwatsun Rano. Makulli ya shiga hannun tsohuwa, ta ɗaure shi a bakin zaninta.

Tsakanin Tajuddeen da kakarsa wasa ne tun yana goye. Ita tana ce masa maigida, shi yana ce mata amarya. Ranar da aka kunna injinan ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu.

"Maigida, wasu mazan saniya suke kawo wa matansu. Kai ka kawo min akwatuna masu gurnani. Me suke ci?"

"Rana suke ci, amarya. Ke dai kada a taɓa waya, kada a zuba ruwa, kada yara su shiga."

"To me suke yi?"

Nan fa aka taɓo inda yake so. Ya zaunar da ita a kujera 'yar tsugune ya ce duk abin da aka rubuta a injinan Rano, kafin mutum ya ƙifta ido ya biyo eriya ya sauka a nan. In wuta ko ruwa ko ɓarawo ya taɓa Rano, waɗannan ne za su tashi su ɗauki aikin. Kuma an yi su uku ne don su riƙa shawara. In ɗaya ta faɗi, biyu sun isa. Amma in ɗaya kaɗai ta rage, ba za ta yarda ta yi aiki ba.

"Kamar gaban alƙali," in ji Fanta. "Shaida ɗaya ba ta isa ba."

Tajuddeen ya tafa har sai da kaji suka watse. "Wallahi amarya ke ya kamata a ba wa takardar nan!"

Ita ce ta raɗa musu suna, yadda take yi wa shanunta. Ta sama ta ce Baƙa. Ta tsakiya, da ƙafarta ɗaya ta lanƙwashe a mota, ta ce Gurguwa. Ta ƙasa, mai ƙara in ta tashi, ta ce Mai Tari. Sunayen suka yi wa Tajuddeen daɗi har ya shigar da su cikin injinan. Kowace saba tana rubuta rahoton kanta ba dare ba rana, abin da masu aikin suke kira log: na tashi, na karɓi kaza, jikina ya yi zafi, na huce. Ya haɗa rahoton shidan duka yana zuwa allo ɗaya a teburinsa na Rano. Kowace safiya kafin ya karya sai ya karanta, kamar mai zagaya garke yana duba wadda ta kwana lafiya.

Wani abin da yake alfahari da shi kuma shi ne saiti. Ba ya yarda ya gyara inji ɗaya da hannu ya bar sauran, don ya ga yadda hakan yake rikita aiki a Kano, kowane inji da halinsa, ba wanda ya tuna abin da aka canja. Sai ya rubuta yadda yake so kowace saba ta kasance a wuri guda, ya kira shi uwar saiti, ya ajiye a Rano da Kibiya. Duk injin da ya tashi, can zai fara zuwa ya daidaita kansa kafin ya shiga aiki.

Haka aka yi shekara biyu lafiya lau. Lafiyar ce ma ta jawo magana. Wata bazara Alhaji Ishiyaku ya kira shi ofis, gumi yana zuba, ba wuta.

"Tajuddeen, ba ƙin ka nake ba. Amma duba. Firjin allurar shanu yana nan a mace rabin yini. Can kuma sola tana ta ciyar da injinan da tun da aka kai su ba su amsa saƙon mutum ɗaya ba. 'Yan kwamiti sun ce bayan taron shekara a kwaso komai a dawo da shi nan."

Maganar Alhaji tana da kan gado, Tajuddeen ya sani. Ya kuma san in aka dawo da su, taswirori da muryoyin dattawa duk sun koma ƙarƙashin rufi ɗaya. Amma maimakon gabansa ya faɗi, sai idonsa ya yi haske.

"Ranka ya daɗe, a ba ni abu ɗaya. Ranar taro, a gaban kowa, ka zare wutar injinan Rano da hannunka. In Kibiya ta ɗauka, a bar min su. In ba ta ɗauka ba, ni zan ɗauko su a kaina."

"Da hannuna?"

"Da hannunka, Alhaji!"

Alhaji ya kalle shi ya girgiza kai. "Kai wane irin mutum ne, ana maganar rushe maka aiki kana murna? Na yarda."

Tun daga ranar Tajuddeen bai ƙara tafiya a hankali ba. Ya gwada shi kaɗai ya sake gwadawa. Ya sa duk amsar da za ta je wayar mutum ta ƙare da sunan garin da ta fito, don kowa ya gani da idonsa. Ya aro majigi don a haska rahoton injinan a bango. Ya je Fammar ya roƙi mahaifinsa ya zo. Abu ɗaya ne bai sa a lissafi ba: ranar taron ta zo daidai da bikin sunan jikan Kawu Bappa. Ya dai aika da goro da ban haƙuri, ya ce zai zo da yamma.

Ranar, tun hantsi zauren ƙungiya ya cika. Manoman Nariya da na Kahu a gefe guda, makiyaya da sandunansu a gefe guda, wasu a taga. Rana ta buɗe sosai, irin zafin da ke zuwa gab da saukar ruwa. Aka buɗe da addu'a, aka yi jawabai. Tajuddeen yana tsaye kusa da majigi yana ta sauya ƙafa, rahoto yana gangarowa a bango layi-layi, duk kore.

Alhaji yana cikin bayanin abin da za a yi sai wani layi ya fito ruwan ɗorawa. Mai Tari: zafi ya hau. Kafin Tajuddeen ya gama karantawa wani ya biyo. Gurguwa: zafi ya hau. Sannan Baƙa. Wani dattijo a sahun gaba ya nuna da sanda.

"Yaro, wancan da ya canja launi, ado ne ko ciwo?"

"Ciwo ne, Baba," in ji Tajuddeen, yana laluben waya a aljihu.

Ya kira Kawu Bappa. Wayar ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka, hayaniyar mata da dakan turmi suka cika kunnensa. Kawu ya ce shi yana waje wajen yanka, makulli yana hannun Inna, bari a kai mata. Alhaji ya matso ya ce a ƙara murya kowa ya ji, tun da abin na jama'a ne. Tajuddeen ya kara wayar a bakin lasifika.

"Maigida!" Muryar Fanta ta cika zauren. "Ka ƙi zuwa suna ko? To na sake ka."

Zaure ya fashe da dariya.

"Amarya, ki yi haƙuri, a mayar da auren zuwa yamma. Me ya samu ɗakin injina?"

"Me ya same shi? Alheri ya same shi. Zo ka ga yadda na gyara maka su. Matan Kahu sun ce sai sun ga akwatunan da ake ta labari. To tsirara zan nuna musu su, wayoyi a waje kamar hanji? Baƙa na yafa mata saƙina na aure. Gurguwa leshin da aka kawo min daga Makka. Mai Tari kuwa, tun da ita ce mai mura, bargo na ba ta."

Tajuddeen ya dafe kai. A gidan Fanta ba abu mai daraja da yake zama a buɗe. Rediyo da mayafinta, talabijin da nata, kwanukan jere da nasu, har filas ɗin shayi an ɗinka masa riga. Ya yi mata dokar waya da ruwa da yara, amma bai taɓa kawo wa ransa dokar mayafi ba.

"Fanka fa, amarya?"

"Na kashe. Sai ɗage musu zani take yi a gaban baƙi."

"Taga?"

"Na rufe mana. Hayaƙin girki kake so ya shiga?"

Wasu makiyaya a baya har da riƙe ciki. A daidai lokacin layin bango ya koma ja. Mai Tari: zafi ya wuce iyaka, na kashe kaina. Dariyar ta tsaya cak, don ko wanda bai iya karatu ba ya gane ja.

"Amarya, saurare ni da kyau. Mai Tari ta suma. Saura biyu. In Gurguwa ta bi ta, shi ke nan, shaida ɗaya ta rage. Ki yaye musu duka yanzu."

"A gaban surukai?"

"Inna," ya ce, ya ajiye wasa. "Saniyar da ta yini a rana tana haki, bargo kike yafa mata?"



"Numfashi suke yi?"

"Ta 'yan ramukan nan na gaba suke shaƙa, su fitar ta baya."

"La'ilaha illallahu! To me ya hana ka faɗa min tun farko, mijin banza? Ke Mas'uda, buɗe tagar nan! Khadijatu, kunna fanka! Ku yaye, ku yaye, leshin a hankali! Ina masu faifai? Ku shigo ku yi layi!"

Abin da zauren Rano ya ji bayan nan ba a taɓa jin irinsa a taron ƙungiya ba: ƙarar faya-fayai da mafitai, da muryar tsohuwa tana ba da umarni kamar mai kora garke. Wata mata tana cewa hannunta ya gaji, Fanta tana cewa ai tuwon suna ba kyauta ba ne.

Alhaji Ishiyaku ya dafa kafaɗar Tajuddeen ya yi ƙasa da murya. "Ɗana, ba na son in kunyata ka a gaban mahaifinka. A ɗaga zuwa wani mako, ka je ka gyara."

Tajuddeen ya dubi bango. Zafin Baƙa ya fara sauka. Gurguwa tana nan ruwan ɗorawa, ba ta hau ba, ba ta sauka ba. Ya dubi sahu na biyu inda Malam Dalhatu yake zaune, hannu a kan gwiwa. Sai murmushi ya ƙwace masa.

"A'a, ranka ya daɗe. Ranar da gobara ta zo Fammar ba ta tambaye mu ko mun shirya ba. Yau ce ranar gwaji ta gaskiya. Inji ɗaya a sume, zafi kamar wuta, gida cike da baƙi. In ta ɗauka a haka, to za ta ɗauka kullum. Zare!"

"Ka tabbata?"

"Zare, Alhaji, don Allah zare!"

Alhaji ya naɗe hannun babbar riga, ya yi bisimilla, ya kama filogi ya fizge. Gurnanin injinan Rano ya yi ƙasa ya mutu. Zaure ya yi tsit, sai ƙarar faifai daga lasifika. Bango ya tsaya, ba layin da ya motsa. Tajuddeen ya san dole injinan Kibiya su ɗan jira su tabbatar Rano ta tafi da gaske kafin su ɗauka, shi da kansa ya saita hakan, amma jiran nan ya yi masa tsawon damina guda. Yana tsaye a kan yatsun ƙafa, leɓensa yana motsi.

Majigin yana haɗe da kwamfutarsa ta hannu, wadda ta juya ta kama saƙon Kibiya ta eriya. Sai ga layi ya faɗo. Baƙa: Rano ba ta amsawa. Wani ya biyo. Gurguwa: na shaida. Sannan na uku, kore shar. Baƙa: na ɗauki aiki.

"Ta ɗauka!" Tajuddeen ya daka tsalle hularsa ta faɗi. "Ku aika saƙo! Kowa ya aika! Alhaji, fara!"

Alhaji ya zaro waya ya danna da babban yatsa a hankali, ya tambayi ranar allurar shanu. Kafin ya sauke hannu ta yi ƙara. Ya nisanta ta da ido ya karanta da ƙarfi, har zuwa kalmomin ƙarshe: "Daga Kibiya." Nan take zaure ya rikice da kukan wayoyi. Wannan yana nuna wa wancan, wani yana cewa a karanta masa nasa, wani makiyayi ya nemi iyakar burtalin Nariya ya samu, ya ɗaga sanda sama yana kabbara. Dattijon sahun gaba ya ce shi ma a aika masa, ko da ba shi da saniya.

Tajuddeen ya koma kan waya yana haki. "Amarya, kin ci! Ki sa hannu a bayan Mai Tari, ta huce?"

"Ta yi sanyi kamar randa."

"Akwai ɗan maɓalli a gabanta, na dama. Danna sau ɗaya."

"In ta cije ni, kai za ka biya sadaki na biyu."

Aka ji tarin injin ta lasifika, mata suka yi guɗa. A bango Mai Tari ta rubuta cewa ta tashi, ta je wajen uwar saiti ta daidaita kanta, ta karɓi abin da ya wuce ta, ta shiga sahun 'yan'uwanta. Ba wanda ya taɓa mata komai ban da yatsan tsohuwa.

Da hayaniya ta lafa, Alhaji ya ɗaga hannu. Ya ce shi dai da hannunsa ya zare, da idonsa ya gani. Injinan Kibiya suna nan inda suke, maganar firji kuma kwamiti ya nemo wata hanya. Ya ƙara da cewa a rubuta sunan Hajiya Fanta cikin ma'aikata, don yau ta fi wasu aiki. Aka mayar da wutar Rano, Tajuddeen ya bi a hankali ya dawo da aikin gida, yana yi yana bayani ga duk wanda ya tsaya kusa, har da waɗanda ba su tambaya ba.

Malam Dalhatu sai da mutane suka ragu ya taso. Ya tsinci hular ɗansa a ƙasa, ya kaɗe, ya miƙa masa.

"Irin ya fito ke nan?"

"Ya fito, Baba."

"To madalla. Baɗi ma a gwada." Ya sa takalmi ya nufi wajen kekensa.

Da yamma Tajuddeen ya isa Kibiya ya tarar da ragowar tuwo da tsiya mai yawa tana jiran sa. Fanta ta ce ta yarda ba za ta ƙara rufe su ba, amma ita ma ba za ta bar baƙi su riƙa ganin hanjin waya a gidanta ba. Suka yi ta ja har aka kira magariba. A ƙarshe Kawu Bappa ya kafa ƙusa biyu ya ja igiya daga bango zuwa bango, taku guda a gaban injinan, aka rataye saƙin a kai kamar labule, iska tana wucewa ta sama da ƙasa.

Saƙin yana nan har yanzu. Duk shekara in bazara ta yi nisa, ƙungiya tana sa ranar zare filogi, kuma kafin a sa sai an aika Kibiya an tambaya ko akwai suna ko biki. Tajuddeen yana da yara biyu da yake koya wa aikin, ya kuma fara damun kwamiti da maganar rumbu na uku a Kahu. Fanta kuwa kowace safiya, bayan ta duba shanu, sai ta ɗage labule ta kara bayan hannu a jikin Baƙa da Gurguwa da Mai Tari, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta sa a kira mata Rano.

"Maigida, duk sun kwana lafiya. Naka allon me ya ce?"

"Haka ya ce, amarya."

"To ka gaya masa na riga shi."